Daga wutsiyar tsaka zuwa dashen ɓargo: yadda za ku kafa kulob ɗin likitancin sake tsiro a jami'a

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya taɓa kai wa tsaka duka da tsintsiya, ta yar da wutsiya tana wutsil-wutsil a tsakar ɗaki, ita kuwa ta shige bayan randa. Bayan 'yan makonni sai ka gan ta da sabuwa. Ba daidai take da ta farko ba, domin sandar guringuntsi ce a cikinta maimakon jerin ƙasusuwa, amma dai ta tsiro. Mu kuwa hantarmu tana cike gurbin abin da aka yanke mata, fatarmu tana sabuntawa, ɓargonmu yana ƙera jajayen ƙwayoyin jini wajen miliyan biyu a kowace daƙiƙa, amma in laka ta tsinke ko tsokar zuciya ta mutu, tabo kawai ake samu. Me ya sa wani sashen yake dawowa, wani ba ya dawowa, kuma yaya za a lallaɓi jiki ya gyara abin da ba ya gyarawa da kansa? Wannan tambayar ita ce fagen da nake kira likitancin sake tsiro. Jigonsa shi ne ƙwayoyin tushe, waɗanda a aji ake ce musu sitem sel: ƙwayoyin halittar da ke iya haifar irinsu, kuma su rikiɗe su zama wani nau'in daban.

A manhajar jami'a, fagen nan yakan samu lacca ɗaya ko biyu, a wuce. Ga shi kuwa ya shafe mu kai tsaye. Ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma hanyoyin warkar da ita baki ɗaya da aka sani zuwa yau duk daga wannan fagen suka fito. Shi ya sa nake ganin kulob ɗin ɗalibai a kan wannan ilimi ba kayan ado ba ne. Ga yadda za ku kafa shi, ko da jami'arku ba ta da ɗakin rainon ƙwayoyin halitta.

Ku fara da mutum shida, ba ɗari ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe zauren WhatsApp a ranar farko, a zuba mutum ɗari biyu, a naɗa shugaba da mataimaka uku da jami'in walwala, kafin a karanta ko shafi ɗaya. Wata biyu zauren ya koma wurin tura sanarwar ɗaurin aure. Ku nemi mutum biyar zuwa takwas waɗanda za su zo ko da ba lemo ba satifiket, ku yi zama huɗu a ƙarƙashin bishiya ko a wani ajin da ba kowa, ku ga wa ya ɗore.

Kada ku mayar da shi na ɗaliban likitanci kaɗai. Su ne suka fi kowa ƙarancin lokaci, da zarar sun koma asibitin koyarwa kuma sai dai a ji labarinsu. Ku jawo masu karatun kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, da jinya, da haɗa magunguna, da sinadaran jiki, da nazarin dabbobi, da likitancin dabbobi. Injiniya ɗaya zai yi muku amfani in aka zo maganar ƙwarangwal ɗin da ake shuka ƙwayoyi a kai. Ɗalibin shari'a da na nazarin addini za ku ga ranarsu nan gaba. Ku fifita 'yan aji biyu da aji uku, domin su ne za su daɗe. Lokacin zama kuma ku sa shi tsakanin La'asar da Magariba ko safiyar Asabar. In kuka kai shi dare, kun kori mata masu zuwa daga gida ba tare da kun faɗa ba.

Uban ƙungiya da rajista

Ofishin kula da harkokin ɗalibai ba zai yi muku rajista ba sai da malamin da ya tsaya muku, da kundin tsarin mulki, da sunayen shugabanni. Ku je ku tambayi ƙa'idar jami'arku, domin kowace da tata. Wajen zaɓen malami, kada girman muƙami ya ruɗe ku. Farfesan da ke cikin kwamiti goma zai sa hannu a takarda, ba za ku sake ganinsa ba. Ku nemi likitan jini, ko malamin ilimin sassan jiki da ke koyar da yadda tayi ke girma, ko wani matashin lakcara da bai daɗe da gama digirinsa na uku ba, wanda har yanzu hannunsa ke ƙaiƙayin aikin lab. Ku je ofishinsa da shafi ɗaya tak: su wane ne ku, me kuka riga kuka karanta, me kuke so daga gare shi. "Malam, awa ɗaya a wata muke roƙo, da sa hannu in za mu nemi aron ɗakin gwaji." Wanda ya ji iyakar nauyin da za a ɗora masa ya fi saurin amsawa.

Kundin kada ya wuce shafi uku. Amma sakin layi ɗaya dole ya shiga, a kuma karanta wa kowane sabon mamba: ba wanda zai ba mara lafiya shawarar magani da sunan kulob, ba wanda zai tallata wani kaya da sunan kulob, ba wanda zai ɗebi jini ko wani abu daga jikin mutum da sunan kulob. Za ku ga dalili in mun zo maganar fita gari.

Zangon farko: ku bi tarihi daki-daki

Zama sau ɗaya a mako biyu, minti casa'in, ya isa. Ku jera batutuwan bisa yadda ilimin ya taso, domin kowane mataki amsa ce ga matsalar da ta gabace shi. Ku fara da Till da McCulloch a Toronto, 1961, waɗanda suka zuba ɓargo a jikin ɓerayen da aka haska da tururin nukiliya, suka ga ƙulluttai sun fito a saifarsu, daga baya suka nuna kowane ƙullutu zuriyar ƙwaya ɗaya ce. Daga nan ku shiga dashen ɓargo da aikin Donnall Thomas, wanda ya samu kyautar Nobel a 1990. Sai Howard Green, da ya gano yadda ake rainon ƙwayoyin fata a faranti a shekarun 1970, har aka riƙa yi wa masu mummunar ƙuna mayafi da fatarsu. Sai James Thomson na Wisconsin, 1998, da ƙwayoyin tushe na tayin ɗan Adam, da gardamar da suka tayar. Sai Shinya Yamanaka na Kyoto, wanda a 2006 ya cusa ƙwayoyin gado huɗu kacal (Oct3/4, Sox2, Klf4, c-Myc) cikin ƙwayar fatar ɓera ta koma kamar ta tayi, ya maimaita da ta mutum a 2007, ya raba Nobel ta 2012 da John Gurdon, wanda tun 1962 ya nuna da kwaɗi cewa ƙwayar da ta balaga ba ta zubar da littafin gadonta ba, rufe shafukan kawai ta yi. Ku ƙare da CRISPR, fasahar da ake yanke ƙwayar gado da ita a gyara ta.

Muƙalun da yawa suna nan kyauta a PubMed Central, rumbun muƙalun kimiyyar lafiya a intanet. Ku tambayi ma'aikacin laburare ko jami'arku tana da rajistar Hinari, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallun kimiyyar lafiya. Mutum ɗaya ya sauke, ya raba wa kowa, domin data ba ta da arha.

Yadda ake karanta muƙala ba tare da an sha ku ba

Nan ne zuciyar kulob ɗin, kuma nan za ku fi daɗewa. Ɗalibi yakan karanta taƙaitawar farko, ya tsallaka zuwa kammalawa, ya zo ya maimaita abin da marubutan suka ce game da kansu. Wannan ba karatu ba ne, kai saƙo ne. Ku kafa doka: mai gabatarwa zai fara da hotuna da jadawalai, ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi me aka auna, a jikin wa, sannan zaure ya faɗi abin da hoton ya nuna kafin a duba abin da marubutan suka ce ya nuna. Ku raba aiki uku: mai gabatarwa, mai suka wanda aikinsa neman rami ne, da mai fassara wanda a minti biyar na ƙarshe zai bayyana muƙalar da Hausa zalla kamar yana gaya wa kakarsa. Na ukun ya fi wuya. Wanda ya kasa faɗin abu da Hausa ba tare da ya ɓuya a bayan manyan kalmomin Turanci ba, sau da yawa bai gane shi ba ne.

Tambayoyin da mai suka zai riƙe ba su da yawa. A faranti aka yi gwajin, ko a ɓera, ko a mutum? Mutum nawa? Da wa aka kwatanta su, ko kuwa kowa an ba shi maganin sannan aka ce sun ji sauƙi? Wata nawa aka bi su? Abin da aka auna, shi ne abin da ya dami mara lafiya, ko wata lamba ce ta lab? Wa ya biya kuɗin binciken? An yi wa gwajin rajista tun kafin a fara, a ClinicalTrials.gov ko rajistar gwaje-gwaje ta Afirka, kuma abin da aka yi alkawarin aunawa shi aka ba da rahoto? A kula, kasancewar gwaji a cikin rajista ba shaidar inganci ba ce; 'yan kasuwa ma suna sa nasu.

Ku gwada tambayoyin a kan aikin Anthony Atala da ya fito a mujallar Lancet a 2006: mafitsarar da aka gina da ƙwayoyin marasa lafiyar da kansu, aka dasa wa mutum bakwai. Aiki ne na gaske, jaridu suka yi ta yayatawa. Amma mutum bakwai ne, ba rukunin kwatance, kuma har yau bai zama tiyatar yau da kullum ba. Tazarar da ke tsakanin "an yi" da "ana yi" ita ce darasin.

Sannan ku ware zama guda don abin kunya. Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu ya wallafa a mujallar Science a 2004 da 2005 cewa ya samar da ƙwayoyin tushe daga tayin ɗan Adam da aka kwafa. Ƙarya ce, aka janye muƙalun a 2006. A 2014 mujallar Nature ta buga aikin STAP daga Japan, wai tsoma ƙwaya cikin ruwa mai ɗan tsami yana mayar da ita ta tushe. Ɗakunan gwaji a faɗin duniya suka gwada bai yiwu ba, aka janye cikin watanni. Mafi muni shi ne Paolo Macchiarini a cibiyar likitanci ta Karolinska a Suwidin. A 2011 ya dasa wa wani ɗalibi ɗan Eritiriya maƙogwaron roba da aka jiƙa da ƙwayoyin ɓargonsa, Lancet ta buga, duniya ta tafa. Ɗalibin ya rasu a 2014, yawancin waɗanda aka yi wa irin aikin su ma suka mutu. Likitoci huɗu abokan aikinsa ne suka tona, suka sha wahala kafin a saurare su, kuma a 2023 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da rabi. Ku raba wa mambobi muƙalar 2011 ɗin ba tare da kun gaya musu ƙarshen labarin ba, ku ga ko wani zai tambaya: ina gwajin da aka fara yi a dabba?

Aikin hannu da kuɗin aljihu

Gani ya kori ji. Kulob ɗin da ba ya taɓa komai da hannu yakan gaji. Rainon ƙwayoyin mutum yana buƙatar akwatin ɗumi mai riƙe digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari dare da rana, abin da ba ya jituwa da wutar da ake ɗaukewa sau huɗu kafin Azahar. Ku bar wannan tukuna. Akwai abin da ya fi shi ban mamaki a ƙarƙashin dutsen rafi.

Filaneriya wata 'yar tsutsa ce shimfiɗaɗɗiya, tsawonta kamar santimita ɗaya, kanta kamar bakin kibiya, da ɗigon ido biyu da ke sa ta yi kama da mai harara-garke. Jikinta cike yake da ƙwayoyin tushe, in ka yanka ta uku, kowane yanki zai zama cikakkiyar tsutsa. Ku fara tambayar sashen nazarin dabbobi ko suna da ita ko sun san rafin da ake samu. Ta fi son ruwa mai tsabta mai sanyi. Ana kama ta da ɗan yankin ɗanyar hanta a cikin gwangwani mai huji, a bar shi cikin ruwa ya kwana, ko a juya duwatsu a share ta da burushin zane mai laushi. Ku sa safar hannu da takalmin roba. Ruwan madatsai da na fadamun noman rani a ƙasarmu yana ɗauke da tsargiya, kada a je neman ilimi a dawo da fitsarin jini.

Ruwan famfo mai kulorin yana kashe ta, don haka ku yi amfani da ruwan da kuka same ta a ciki, ko na rijiya, ko na famfon da aka ɗiba aka bar shi kwana biyu a buɗaɗɗen mazubi. Ku ba ta hanta ko gwaiduwar dafaffen ƙwai sau ɗaya a mako, ku canza ruwan bayan ta ci. Kafin yanka, a hana ta abinci mako guda. Ranar aiki, a ɗora ta a kan jiƙaƙƙiyar takardar tacewa bisa ƙanƙara don ta lafa, a ɗauki sabuwar reza, a yanka sau ɗaya ba tare da goga ba. Kowane yanki a nasa faranti, a rubuta kai, tsakiya, wutsiya, da kwanan wata, a ajiye a duhu, ba abinci. Cikin kwana biyu zuwa uku za ku ga wani farin tsiro a bakin yankan. Wajen mako guda ɗigon idanu za su bayyana a yankin da ba shi da kai. Mako biyu, ta kammala. In kuka tsaga kan gida biyu a tsaye, kuka riƙa sake buɗe tsagin don kada ya haɗe, za ku iya samun mai kai biyu. Daga nan tambaya za ta taso da kanta: yaya yankin tsakiya ya san ina ne gaba? Amsar tana cikin wasu muƙalu na 2008 da suka nuna in aka kashe aikin furotin beta-catenin, kai ne ke tsirowa a gurbin wutsiya. Ga batun zama na gaba ya samu.

Wani gargaɗi daga abin da ya same mu: mun yi namu gwajin na farko a watan Afrilu, muka bar farantan a kan tebur kusa da taga ranar Juma'a. Litinin muka tarar da ruwa mai yauƙi, ko tsutsa ɗaya ba ta rage ba, zafi ya narkar da su. Wannan dabba tana son abin da bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba. Ku yi aikin da hunturu, Disamba ko Janairu. In dole sai da bazara, ku jera farantan cikin babbar randa da aka ɗora a jiƙaƙƙen yashi, a rufe da tsumma mai danshi. Hoto kuma kullum a lokaci ɗaya, waya a manne da bakin madubin likita, ruler a gefe, sannan a auna girman tsiron da manhajar ImageJ wadda kyauta ce.

Gwaji na biyu na injiniyoyi ne, yini ɗaya ya isa. A narka giram 2 na sodiyom aljinet a ruwa mililita 100, a gauraya da yis ɗin burodi, a riƙa ɗigawa da sirinji cikin ruwan kalsiyom kulorayid. Kowane ɗigo zai daskare ya zama ɗan ƙwallo kamar ƙwan kifi. A wanke, a zuba cikin kwalbar ruwan sukari, a ɗaura balan-balan a baki. In ya kumbura, ƙwayoyin suna raye a cikin ƙwarangwal ɗinsu, abinci yana shiga, iska tana fita. Kwalba ta biyu da tafasasshen yis, ta uku ba yis sam. Wanda ya manta kwalba ta biyu da ta uku, ku mayar da shi zaman karatun muƙala.

Zaman malamai da lauyoyi

Ba za ku yi nisa ba wani zai ce, wannan ba shiga hurumin Allah ba ne? Kada ku yi masa dariya, kada kuma ku amsa da ka. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a 2003 ta yi fatawa a kan ƙwayoyin tushe: ya halatta a samo su, a raine su, a yi magani ko bincike da su in tushensu halal ne, kamar baligin da ya yarda kuma ba zai cutu ba, ko mabiyiya da igiyar cibiya da izinin iyaye, ko cikin da ya ɓare da kansa; ta kuma haramta zubar da ciki da gangan don a same su. Cocin Katolika tana goyon bayan aiki da ƙwayoyin baligai, tana adawa da lalata tayi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kwafar ɗan Adam a Najeriya. Ku gayyaci malamin fiƙihu da malamin shari'a su zauna teburi ɗaya da likitan jini, amma ku tura musu bayanin shafi biyu tun kafin ranar, don kada a yi ta fatawa a kan abin da ba shi ake yi ba. A zaman ne kuma za ku koyi cewa duk wani bincike da ya shafi mutane, ko da takardar tambayoyi ce kuke rabawa a hostel, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince kafin a fara.

Fita gari: sikila da masu hodar "sitem sel"

Sai kun yi zango ɗaya cur kuna karatu kafin ku tsaya gaban jama'a. Ranar Sikila ta Duniya, 19 ga Yuni, ita ce ƙofar da ta fi dacewa. Ku haɗa kai da ƙungiyar masu sikila ta garinku, ku je sauraro kafin ku je magana, kuma likita ya kasance tare da ku.

Ga abin da ya kamata kowane mamba ya iya faɗa ba tare da ƙari ko ragi ba. Jan ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20. Dashen ɓargo yana canza masana'antar da ke ƙera su, kuma tun 1984 aka san yana warkarwa. A Najeriya an fara yin sa ga mai sikila a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ƙarƙashin Dakta Nosa Bazuaye, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ma ya fara a 2024. Wanda ya fi dacewa ya bayar shi ne shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowane shaƙiƙi damar ya dace ɗaya ce cikin huɗu. A nan za ku ji wani uba ya ce, "Ai 'ya'yana goma sha bakwai." Sai ku bayyana masa a hankali cewa 'yan uba lissafinsu daban ne. Mai AS yana iya bayarwa. Kafin dashe ana ba da magani mai ƙarfi da ke share tsohon ɓargo, yana iya hana haihuwa, sabuwar garkuwar jiki tana iya juyowa ta kai wa mai ita hari, kuma akan rasa rai. Wanda ya warke kuma bai daina gadar wa 'ya'yansa S ba, domin ɓargo aka canza, ba maniyyi ko ƙwan haihuwa ba. Gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, yana nan a kansa.

Za a tambaye ku maganin nan na Turai da aka ji a rediyo. Casgevy ne, Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. Ana ɗebo ƙwayoyin tushen mara lafiyar da kansa, a yi amfani da CRISPR a kashe makunnin da ke rufe himoglobin ɗin jarirai, sinadarin jinin da ba ya lanƙwasa ƙwaya, a mayar masa. Ba a buƙatar ɗan'uwa, amma maganin share ɓargo yana nan, farashin kuma dala miliyan 2.2 ne, biliyoyin naira. Ku faɗi lambar. Sannan ku mayar da hankalin mutane kan abin da ke hannu: zuwa asibitin sikila a kai a kai, gidan sauro, rigakafi, da haidiroksiyuriya in likita ya rubuta, maganin da aka yi bincikensa a Kano don kare yara daga shanyewar ɓarin jiki.

Sai masu hodar "sitem sel". A kusan kowane taro wani zai ɗaga ɗan ƙunshin hoda da ya saya ta WhatsApp da tsada, an ce masa "sitem sel" ne na tuffa ko inabi, ana sawa ƙarƙashin harshe, yana maganin sikila da suga da ƙoda da rashin haihuwa. Kada ku ci masa fuska, wataƙila kuɗin akuyarsa ne ya tafi. Ku ce masa, Baba, ƙwayar tsiro ba ta zama jinin mutum. Abin da aka busar aka niƙa ba shi da rai, abin da aka haɗiye kuma ciki narkar da shi yake yi kamar tuwo. Lambar NAFDAC a jikin kaya ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da mai talla ya lissafa. Ko allurar ƙwayoyin gaske ma, in ba a gwada ta ba, haɗari ce: a 2017 aka ba da rahoton wasu mata uku a Florida da ganinsu ya lalace bayan an yi musu allurar ƙwayoyin kitsensu a ido. Ƙungiyar ISSCR ta masu binciken ƙwayoyin tushe tana da jagorar marasa lafiya kyauta. Fassara muhimman tambayoyinta zuwa Hausa, likita ya duba, a karanta a saƙon murya na minti uku, aiki ne da zai ci zango guda kuma ya fi kowace walimar ƙarshen shekara amfani. Kada ku yi mamaki in masu sayar da hodar suka zo da tayin ɗaukar nauyin taronku, har da riguna. Sakin layin nan na kundinku, ranarsa ke nan.

Kuɗi

Karo-karo kaɗan kowane zango ya isa sayen reza, faranti, hanta da fotokwafi. Ma'aji ya rubuta komai a littafi, ya karanta a bainar jama'a. Abin da ya fi ƙarfinku, ku roƙi shugaban sashe aron kaya maimakon kuɗi; ya fi sauƙin cewa to.

Miƙa ragama

Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, ƙungiyoyin ɗalibai da yawa ba su farfaɗo ba bayansa. Ku shirya wa irinsa: in an rufe makaranta, muƙala ɗaya a wata, kowa ya turo sukarsa da saƙon murya. Shugabanci shekara ɗaya ne, mataimaki kuma dole ya kasance ɗan ajin ƙasa da shugaba, a yi zaɓe tun zangon farko na shekarar ƙarshe, ba makon jarrabawar fita ba. Imel ɗin kulob da kalmar sirrinsa su kasance a hannun mutum biyu da uban ƙungiya. Ku sayi babban littafi mai bangon kwali, a riƙa rubuta kowane zama da kowane gwaji da biro, har da wanda ya lalace da dalilin lalacewarsa: wane rafi, wane dutse, wane wata, ruwan wace rijiya, digiri nawa ma'aunin zafi ya nuna a cikin randa da ƙarfe biyun rana. Ranar miƙa mulki, tsohon shugaba ya damƙa wa sabo littafin, da makullin kabad, da kwanon tsutsotsin, ya gaya masa ranar da aka ba su hanta ta ƙarshe.